Nokia 1100: abin da ta iya da abin da ya gagare ta

Duk wanda ya riƙe wayar salula a Damagaram a shekarun farko na zuwanta ya san Nokia 1100, ƙaramar wayar nan mai tocila a kai. Kamfanin Nokia na ƙasar Finlan ya fito da ita a shekarar 2003, kuma an sayar da fiye da miliyan 250 a duniya, adadin da wayoyi kaɗan ne suka taɓa kaiwa. Hasali ma, wayar da ta cika biliyan ɗaya cikin waɗanda kamfanin ya sayar irinta ce, kuma a makwabciyarmu Najeriya aka saye ta a 2005. Ra'ayina a kanta shi ne, waɗanda suka ƙera ta sun yi la'akari da mutanen da ke rayuwa cikin ƙura, da zafi, da ƙarancin lantarki, wato mutane irinmu.

Babban abin yabonta batir ne. Kamfanin ya ce yana iya kaiwa awa 400 idan ba a yin kira, kuma ko da yake amfanin yau da kullum bai kai nan ba, mutum yakan yi kwanaki da dama bai nemi caji ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, domin allonta ƙarami ne marar launi, ba ta da kyamara, ba ta shiga intanet, saboda haka babu abin da ke zuƙe wutar. A lokacin zafi, sa'ad da wuta kan ɗauke a unguwannin Birni da Zango, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Ga mutumin ƙauye kuwa, wanda sai ranar kasuwa yake samun mai injin da zai yi masa caji da kuɗi, batirin shi ne bambanci tsakanin waya mai amfani da wadda ke kwance a aljihu a mace. Batirin nan mai suna BL-5C ana cire shi a sa wani, kuma har yau ana samun irinsa a rumfunan masu gyara, sai dai jabu ya yi yawa, ya kamata mai saye ya buɗe ido.

Sai ƙarfin jiki. An yi maɓallanta da roba guda a haɗe domin kada ƙura ta samu ƙofar shiga, abin da duk wanda ya ga hazon hunturu a hanyar Tanut zai fahimci darajarsa. Gefenta ba ya sulɓi a hannu mai gumi, kuma idan ta faɗi, sau da yawa murfi da batir ne ke watsewa, a tattara a mayar ta ci gaba da aiki. Tocilar kuma, wadda wasu suka ɗauka kwalliya ce, ta haska wa mata madafa, ta haska wa masu fita sallar asuba hanya, ta kuma taimaki mai shago wajen ƙirga canji da dare.

Amfanin irin wannan waya ya wuce gaisuwa. Kamfanonin salula sun fara aiki a Nijar a 2001, kuma binciken da masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta yi a kasuwannin hatsi na ƙasar nan ya nuna cewa tsakanin 2001 da 2006 bambancin farashi daga kasuwa zuwa kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari sanadiyyar wayar. Ɗan kasuwar da ke Kasuwar Dole yana iya jin kuɗin tiyar hatsi a Mirya ko Magariya ko Matamaye kafin ya ɗora buhu ɗaya a mota, kuma ƙananan wayoyi irin wannan ne suka yi aikin.

Amma tana da rauni, kuma ba na ganin adalci ne a ɓoye shi. Sunaye 50 kacal take ɗauka a cikinta, sauran sai a kan katin SIM, wanda shi ma wurinsa ƙayyadadde ne. Mai harka da jama'a da yawa dole ya riƙa share wani domin ya rubuta wani, ko ya koma ga littafin aljihu. SIM ɗaya take ɗauka, alhali mutanenmu sun saba riƙe layi biyu ko uku saboda rezo da sauƙin kuɗin kira, don haka sai an kashe ta, an cire batir, kafin a canja layi. Ba ta da rediyo, kuma a garin da ake fara yini da sauraren labarai wannan giɓi ne na gaske.

Raunin da ya fi damuna shi ne na saƙo. Rubutu kaɗai ta sani, kuma babu haruffanmu masu lanƙwasa a cikinta, ga shi wani lokaci sai an danna maɓalli ɗaya sau uku ko huɗu kafin harafin da ake so ya fito. Dattijo ko dattijuwar da ba su yi boko ba, kira kawai ya rage musu, idan kuma babu kredi sai su yi bip su jira a kira su. Saƙon murya na WhatsApp ya warware wannan matsala ta hanyar da Nokia 1100 ba za ta taɓa iyawa ba. Bugu da ƙari, lambobin da ke kan robar sukan goge da tsufa, kuma cajarta mai kaurin baki ta yi wuyar samu yanzu da kowa ya koma USB.

Ga matashin da karatunsa ko sana'arsa ke bukatar intanet, ba zan ba shi shawarar sayenta ba. Amma ga manomi, ko makiyayi, ko direban da ke doguwar tafiya zuwa Agadas, tana da amfani a matsayin waya ta biyu, muddin rezon 2G, wato tsohon tsarin sadarwar salula, yana aiki a inda yake, domin shi kaɗai take kamawa. Wanda ya samu ta hannu a kasuwa ya gwada kira da ita a gaban mai sayarwa, ya kunna tocilar, ya kuma duba ko batirin bai kumbura ba kafin ya biya.