Linux Mint a shagon buga takardu na ƙauyenmu

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, masu shagunan buga takardu a yankin Gumel suka shiga damuwa, domin tsofaffin kwamfutocinsu ba za su ɗauki Windows 11 ba. Matashin da ke da shagon buga takardu a kasuwarmu ya saka Linux Mint, wani tsarin sarrafa kwamfuta da ke maye gurbin Windows, wanda kyauta ne, kuma na gamsu ƙwarai, don kwamfutar da take jan ƙafa yanzu tana buɗewa nan take. Manhajar LibreOffice da ke cikinsa tana buga takardar cinikin gona lafiya lau, sai dai wanda ya saba da Word zai ɗan yi lalube. Sauke Linux Mint daga intanet yana cin data sosai, gara a kwafo shi a filashi daga cikin gari.