Injin walda na inbata mai amfiya 140: abin da na gani bayan an sa mini batirin zuciya

Shekara 22 na yi ina walda kafin zuciyata ta fara tsallake bugu, har aka sa mini na'urar daidaita bugun zuciya a ƙarƙashin ƙashin wuyana na hagu. Wata takwas ke nan da na koma aiki da ƙaramin injin inbata, wato injin walda na zamani mara nauyi, wanda ƙarfinsa bai wuce amfiya 140 ba (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bin waya). Masu irin lalurata na rubuta wa wannan.

Ban saye shi ba sai da na zauna da likitan zuciya. Ya ce, "Malam, walda ba ta cika lalata na'urar ba, ruɗa ta take yi." Wutar da ke bin waya tana haifar da ƙarfin maganaɗisu a kewayenta. Na'urar kuma aikinta sauraron zuciya, idan ta ji shiru ta taɓa ta. To in hayaniyar walda ta shige ta, sai ta ɗauka zuciya ce ke bugawa, ta yi shiru a daidai lokacin da ake bukatarta. Daga nan jiri, ko faɗuwa, ga ƙarfe mai zafi a gabanka. Wanda ke da irin na'urar da ke fizgar zuciya da lantarki kuwa, tana iya fizgarsa ba gaira ba dalili.

Kamfanin Medtronic, ɗaya daga cikin masu ƙera waɗannan na'urori, ya ba da shawarar kada a wuce amfiya 160. Shi ya sa na ajiye tsohon injina na taransifoma na zaɓi wannan. Ko na murɗa shi har ƙarshe, lambar ba ta kai can ba. Yana da allo mai nuna lamba, ba sai na yi kintace ba. Da sandar walda mai milimita 2.5 ina aiki wajen amfiya 80, da mai 3.2 kuma wajen 110, kuma ɗinkin yana fita sumul a kan ƙofofi da tagogi da ƙafafun tebur. Sanda mai milimita 4 dai na haƙura da ita. Aikin ƙarfe mai kauri yarona nake bar wa, in fita waje.

Abin da ya fi burge ni shi ne saurin kama wuta. An gargaɗe ni kada in riƙa buga sanda a kai a kai idan ta ƙi kamawa, in jira 'yan daƙiƙu tsakanin gwaji. Tsohon injina sai ka buga sau biyar ko shida. Wannan yawanci bugu ɗaya ne. Amma a sani, yana yin haka ne ta hanyar ƙara wuta na ɗan lokaci a farkon kamawa, kuma allon ba ya nuna wannan ƙarin. Saboda haka ba na kai shi maƙura.

Inda ya ba ni haushi shi ne wayoyinsa. Gajeru ne ƙwarai. Ƙa'ida ita ce injin ya yi nisan kusan mita ɗaya da rabi da wurin aiki, wutar da ke ci a bakin sanda kuma ta nisanci na'urar zuciya da santimita 60. Da wayoyin da ya zo da su, injin yana gefen gwiwarka. Sai da na sa dogaye masu kauri, na murɗe su biyun tare don maganaɗisunsu ya rage juna, na bi da su ta damata. Mariƙin da ake maƙalawa a jikin ƙarfe ma ba shi da ƙarfin cizo, na canza shi, domin dole ya kama sosai kusa da inda nake ɗinki. Gargaɗin masu batirin zuciya kuwa layi ɗaya ne a littafin injin, da ƙananan haruffa. Wannan sakaci ne, rayuwar mutum ta fi layi ɗaya.

Santimita 60 ɗin nan ita ta fi ba ni wuya, ba injin ba. Mai walda ya saba ya duƙa a kan aiki, ya rataya waya a kafaɗa. Rana ɗaya na manta na duƙa a kan wata kusurwa, sai na ji kaina ya yi wani iri. Na saki sanda na ja baya, nan take abin ya wuce. Da na je duba na'ura, likita ya nuna mini ta rubuta hayaniya a ranar. Tun daga nan na ɗaga teburin aikina, ba na walda a kan tsani, ba na yi a wuri mai laima ko da jiƙaƙƙen safar hannu, kuma ba na yi sai yarona yana tsaye kusa da makunni. Rigar fata tana tare tartsatsi, ba ta tare maganaɗisu.

Zan iya cewa a saye shi, in har likitanka ya duba na'urarka ya amince. Ni zuciyata tana da nata bugun, na'urar taimako take yi. Wanda zuciyarsa ta dogara kacokan a kan na'ura, likita na iya hana shi walda gaba ɗaya, kuma ƙanƙantar wannan injin ba za ta canza hukuncin ba.