Kayan Atisayen Tsallen Gwangwala: Me Za a Fara Saya, Me Zai Iya Jira?

Malamin wasanni ko shugaban ƙungiyar da ya yi niyyar koyar da tsallen gwangwala, wato wasan da ake dogara sanda a tsallake karan da aka gicciye a sama, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne sandar zamani mai lanƙwasa, irin wadda ake gani a talabijin. A ganina ita ce ya kamata ta zo kusan ƙarshe a cikin jerin sayayya, domin yawancin atisayen da ke gyara gudu da kafa sanda da lilon jiki ba sa bukatarta ko kaɗan. Cornelius Warmerdam ɗan Amurka ya tsallake mita 4.77 a shekarar 1942 da sandar gora, kuma sai a farkon shekarun 1960 sandar zaren gilashi mai lanƙwasa ta mamaye wasan. Gaskiya ne cewa da irin wannan sanda Armand Duplantis na ƙasar Suwidin ya kai mita 6.30 a Tokiyo a 2025, amma matashin da bai iya gudu riƙe da sanda ba, lanƙwasarta ba za ta ƙara masa komai ba sai haɗari.

Abu mafi araha shi ne kuma wanda za a fi amfani da shi: guntun fayif na roba irin na ruwan famfo, mai tsawon mita ɗaya ko ɗan fiye. Da shi ɗan wasa ke koyon ɗaga hannu a taku uku na ƙarshe, da farko yana tafiya, daga baya yana sassarfa, har ya saba da miƙe hannunsa na sama gaba ɗaya kafin ƙafar tashi ta taka ƙasa. Ga mai riƙo da dama a sama, ƙafar hagu ce ƙafar tashi. Domin atisayen gudu da doguwar sanda kuwa, busasshiyar gora miƙaƙƙiya mai mita uku da rabi zuwa huɗu ta wadatar, kuma ta fi dacewa da wannan aiki a kan sanda mai tsada, tun da masu koyo ba sa rabuwa da yar da sanda da jan ta a ƙasa. Ita gwangwalar da wasan ya ci sunanta ba ta kai gora ƙarfi ba, saboda cikinta ɓargo ne mai laushi, don haka a bar ta wajen riƙo da gudu kawai, kada a yarda kowa ya rataya nauyinsa a kanta.

Bayan wannan sai gurbin kafa sanda. Na filin gasa akwati ne da ake binnewa a ƙasa, tsawonsa mita ɗaya, faɗin bakinsa santimita 60, zurfinsa santimita 20 a ƙarshensa inda kan sanda ke tokarewa. Na atisaye kuwa akwati ne mai zamewa a doron ƙasa, wanda idan ɗan wasa ya soka sanda a ciki yana gudu, sai ya ɗan tokare sannan ya zame gaba, ta yadda za a ji turjiya a kafaɗa ba tare da an tashi sama ba. Akwai na kamfani da ake shigowa da shi daga waje, amma kafinta zai iya haɗa shi da katako mai kauri idan an ba shi waɗannan ma'aunai, kuma ana iya ƙara masa nauyi da ɗan buhun yashi gwargwadon ƙarfin ɗan wasa. Wasu sukan shimfiɗa tawul a maimakonsa. Tawul yana koyar da saiti, amma ba ya koyar da turjiya, saboda haka akwatin kafinta ya fi cancantar kuɗinsa.

Lilon jiki, wato jefa ƙafar tashi a miƙe daga baya zuwa gaba har ƙugu ya haura kafaɗa, ba a kan sanda ake fara koyonsa ba. Yelena Isinbayeva 'yar Rasha, wadda ta tsallake mita 5.06 a Zurik a 2009, ta shafe ƙuruciyarta tana wasan alkafura da lilo kafin ta koma wannan fanni tana da kimanin shekara 15. Zaɓi uku ne a nan. Igiya mai kauri da aka ɗaure a wuri mai ƙarfi ita ce mafi araha, kuma riƙonta ya fi kama da na sanda, hannu ɗaya sama da ɗaya. Zobban lilo suna da sauƙi ga kafaɗa, amma suna yawo, don haka sabon shiga yakan ɓata ƙarfinsa wajen tsayar da su. Ƙarfen lilo da mai walda zai kafa a kan turaku biyu shi ne na fi ba da shawara idan ɗaya kawai za a iya yi, bisa sharaɗin ya yi tsayin da ɗan wasa mafi tsawo zai rataya ba tare da yatsun ƙafarsa sun taɓa ƙasa ba, kuma a zuba yashi mai yawa a ƙarƙashinsa. Idan ƙarfen ya yi gajere, yaro zai saba da naɗe gwiwa, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar cirewa daga baya.

Wurin sauka shi ne inda kuɗi ke tafiya, kuma a nan ne bai kamata a yi rowa ba. Ramin yashi na dogon tsalle ya isa ga atisayen farko, inda ake riƙe sanda ƙasa-ƙasa, a yi taku huɗu ko shida, a soka kanta a cikin yashi, a bi ta a sauka da ƙafa biyu. Ana iya shafe watanni a wannan mataki ana ɗaga riƙo kaɗan-kaɗan, kuma ba ɓata lokaci ba ne. Amma daga ranar da za a fara juya jiki ƙafa a sama ko lanƙwasa sanda, dole ne a sami katifa. Ta manyan gasa tana da mita 6 a tsawo, mita 6 a faɗi, da kaurin santimita 80, ga kuma fikafikai biyu da ke miƙowa gaba su rufe gefen gurbin. Katifar tsallen sama wanda ake yi ba tare da sanda ba, wadda makarantu suka fi mallaka, ba ta maye gurbinta, domin ba ta da waɗannan fikafikai, alhali munanan raunuka sukan faru ne a lokacin da ɗan wasa ya kasa kaiwa ciki ya faɗo kusa da gurbin. Katifar kamfani tana cin dubban daloli kafin a yi maganar dako. Wanda zai haɗa tasa da soson gida, sai ya nemi soso mai ƙarfi a ƙasa da mai laushi a sama, ya ɗaure sassan da kyau, ya lulluɓe su duka da shimfiɗa guda ɗaya don kada ƙafa ta faɗa tsakanin sassa, ya kuma tanadi tamfol saboda damina, tun da soson da ya sha ruwa ba ya daɗewa.

Sai an kammala waɗannan ne za a zo ga sanda. Kowace sanda tana ɗauke da lambobi biyu a kusa da samanta, na tsawo da na nauyin da aka yi ta dominsa. Idan an ga 400/60, ana nufin mita 4 da kilo 60. Kamfanonin Amurka sukan rubuta da ƙafa da laba, misali ƙafa 13 da laba 140, wato kusan mita 4 da kilo 63 da rabi. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce nauyin ɗan wasa kada ya wuce wanda aka rubuta, kuma makarantun sakandaren Amurka sun mayar da wannan doka a gasanninsu. Akwai lamba ta uku wadda masu saye da yawa ba sa lura da ita, wato lambar lanƙwasa. Ana samun ta ne ta hanyar ɗora sandar a kan madogara biyu, a rataya nauyin laba 50 a tsakiyarta, a auna santimita nawa ta sunkuya. Ƙaramar lamba tana nufin sanda mai tauri. Sai dai wannan lamba tana da amfani ne kawai wajen kwatanta sanduna masu tsawo ɗaya daga kamfani ɗaya, domin kowane kamfani da tazarar madogaransa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen doguwar sanda mai laushi da tunanin cewa yaro zai girma ya cim mata. An ƙera sanda ne don a riƙe ta kusa da samanta, tsakanin santimita 15 zuwa 45 daga ƙarshe, kuma masu horarwa sukan ƙiyasta cewa duk santimita 15 da aka sauko da riƙo, sandar tana ƙara tauri kamar an ƙara mata kilo huɗu da rabi. Wanda ya riƙe doguwar sanda a tsakiya ba zai sami lanƙwasa mai kyau ba, wanda kuma ya haura samanta kafin gudunsa ya isa, sandar za ta tsaya cak ta mayar da shi baya. Ga masu koyo, gajeriyar sanda mai mita 3.35 zuwa 4 wadda nauyinta ya ɗan ɗara na ɗan wasa ita ce daidai. Ga ƙungiya kuwa, sanduna uku ko huɗu masu tsawo ɗaya da nauyi hawa-hawa sun fi sanda guda mai tsada amfani nesa ba kusa ba, domin yara da yawa za su yi amfani da su, kuma yaro ɗaya ma yakan bukaci mai tauri a ranar da gudunsa ya ƙaru.

Tsakanin zaren gilashi zalla da wadda aka haɗa da kabon, hukuncina a bayyane yake. Mai kabon ta fi sauƙin ɗauka, kuma wannan yana da muhimmanci ga gwanayen da ke gudu da sanda mai mita 5, amma a gajeriyar sanda bambancin nauyin bai taka kara ya karya ba, ga tsada, ga rashin jure ƙarzuwa da bugu. Sanduna irin su UCS Spirit da Pacer na kamfanin Gill da Essx, duka daga Amurka, da Nordic daga Suwidin, sanannu ne a fagen gasa. Abin da ya fi sunan muhimmanci shi ne a tsaya a kan kamfani ɗaya, don lambobin su riƙa bin juna. Kowace sabuwar sanda tana kai ɗaruruwan daloli, kuma ga mai saye daga Najeriya ko Nijar, dakon kaya mai tsawon mita huɗu yana iya yin gogayya da kuɗin sandar kanta, shi ya sa ya fi kyau a haɗa odar sanduna da yawa a cikin kwali ɗaya, tare da ƙarin robobin kan sanda, waɗanda su ne ke fara cinyewa.

Tsohuwar sanda tana da rahusa, kuma ba laifi ba ne a saye ta idan lambobinta suna nan ana karantawa kuma ba a yanke mata tsawo ba. A bi ta da yatsa daga sama har ƙasa a cikin haske, duk inda farce ya maƙale a zurfin ƙarzuwa, ko aka ga farin tabo na bugu, a haƙura da ita, domin a irin wannan wuri take karyewa idan ta lanƙwasa. A ɗora kanta a ƙasa a mirgina ta a tafin hannu don a gane ɓangaren da take sunkuyawa da kanta, sannan a naɗa salatif ɗin riƙo daidai da shi.

Karan tsallakewa na gasa, mai tsawon mita 4.50, zai iya jira har gasa ta matso, domin igiyar roba mai talewa ta fi shi amfani a atisaye: ba ta karyewa, ba a ɓata lokacin mayar da ita, kuma tana rage wa masu koyo tsoro. Takalmin ƙusa ma ba na farkon farawa ba ne, kuma ƙusoshinsa ne suka fi lalata sandar da aka bari a kwance a layin gudu. A tanadi babban fayif mai murfi tun kafin sandunan su iso, a riƙa mayar da su ciki bayan kowane atisaye, a ajiye a inuwa nesa da zafin rufin kwano, kuma a sa mutum ɗaya ya tsaya gefen gurbin yana cafe sanda duk lokacin da ɗan wasa ya sake ta, don kada ta bugi turakun da ake ɗora karan tsallakewa a kansu.