Shekara biyu da Lamborghini Urus a Birnin Kebbi, da motocin da na bari saboda ita

Kwalbatin ƙofar gidana ne ya fara yanke mini hukunci, tun kafin in zauna da dillali. Wani aminina da ke Abuja ya ara mini Lamborghini Huracán ɗinsa na mako biyu, aka ɗoro ta a babbar mota aka sauke mini ita a Gesse da hantsi. Na shiga, na danna maɓallin da ke ɗaga hancinta, na karkata sitiyari don in hau kwalbatin a kaikaice, amma duk da haka sai da haɓarta ta gogi siminti. Ƙara ɗaya ce ƙiii, amma har cikin haƙorana na ji ta. Maigadina ya ruga ya ɗauko katako biyu ya shimfiɗa, ya durƙusa yana leƙen ƙasan motar yana yi mini alama da hannu. Da muka samu ta shige, ya miƙe yana kaɗe gwiwa ya ce, "Ranka shi daɗe, wagga mota ba don ƙasarmu anka yi ta ba."

Sana'ata shinkafa ce. Ina noma a fadamar Argungu, ina da injin casa, kuma tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi a nan Kebbi a watan Nuwamba na 2015, Allah ya buɗa wa harkar. Son mota kuwa gadonsa na yi. Mahaifina yana da Peugeot 504 haɗin Kaduna, kuma ni ne mai wanke ta kowace Juma'a kafin a tafi masallaci. Saboda haka da hali ya samu, na yi niyyar sayen mota guda ɗaya wadda ba lissafi ya sa na saye ta ba, so ne kawai. Na ba kaina shekara guda ina dubawa, domin kuɗin da za a zuba ba na wasa ba ne.

A ƙarshen 2022 na je Dubai na yi kwana takwas, na yi hayar motoci uku ɗaya bayan ɗaya, biyu daga ciki har filin tsere na shiga da su tare da mai koyarwa a gefena.

Ferrari 488 GTB na fara ɗauka. Injinta silinda 8 ne, lita 3.9, da turbo biyu, ƙarfin doki 670, kuma tana kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 3. Waɗannan lambobi kowa zai iya karanta su. Abin da ba a karantawa shi ne sitiyarinta. Ba ka juya shi, tunani kawai kake yi motar ta bi, kamar dokin da ya saba da linzamin ubangidansa. Har maɓallan sigina a jikin sitiyarin suke, hannunka ba ya barin wurinsa. Na fito daga cikinta ina jin cewa mutanen Maranello, garin da ake ƙera Ferrari, sun san abin da zuciyar direba take so. Sai dai tun a can na tsuguna na auna tsakanin haɓarta da ƙasa da tafin hannuna, na tuna tudun rage gudu da ake ginawa a mashigar kowane gari tsakanin Jega da Yauri, jikina ya yi sanyi.

McLaren 720S ta fi ta ban tsoro. Ƙirar Ingila ce, doki 720, gangar jikinta ta zaren kabon ce mara nauyi, ƙofofinta sama suke tashi kamar fikafikai. Abin mamaki, duk cikinsu ita ta fi laushi a kan titi, kuma ita ta fi ba ka damar ganin gefe da baya saboda yawan gilashinta. Da mai koyarwa ya ce in take ta a miƙaƙƙen layi, numfashina ne ya tsaya. Amma ni mutum ne mai sa babbar riga da hula, kuma shiga wannan mota sai ka tattare riga, ka tsallake dokin ƙofa mai faɗi, ka sunkuya ka zube a kujera. A wurin ɗaurin aure ko gaisuwar Sallah ba zan so dattawa su tsaya suna kallon yadda nake fita daga mota ba. Daga baya wani dillali ya turo mini hoton wata a Landan da farashi mai sauƙi, sai na ga sitiyarinta a dama yake. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi tun 1972, kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Masu cewa a sayo a juya shi ban ba su amsa ba ma. Motar da aka auna kowane ƙusa nata ba a kai ta gareji a farke ta.

Porsche 911 Turbo S ita ce wadda hankali ya zaɓa, kuma saura ƙiris in biya kuɗinta. Doki 650, tayoyi huɗu duka suna ja, daƙiƙa 2.7 zuwa kilomita 100, wato ta fi sauran biyun saurin tashi, amma a cikin gari tana tafiya lafiya lau kamar ba ita ba. Tana ɗaga hancinta milimita 40, tana da 'yan kujeru biyu a baya da yara ƙanana za su iya zama. Wanda ke zaune a Maitama ko Asokoro, in ya tambaye ni, ita zan ce ya saya, ba tare da wani dogon bayani ba.

Huracán kuwa, wadda na fara da labarinta, ita ce ta tafi da zuciyata har yau. Silinda 10 ne, lita 5.2, babu turbo ko ɗaya, kuma allurar injin tana wuce 8,000 kafin ka canza giya. Wannan kuka nata ba ya kwatantuwa. Ranar da na fita da ita bayan sallar asuba ta hanyar Ambursa, wajen filin jirgin sama, titi fayau babu kowa, na sauke gilashi don kawai in saurara. Tana farawa da gurnani, ta koma kamar ana yaga sabuwar shadda, sannan can sama ta zama wata irin kururuwa mai tsafta da ke sa tsigar jiki tashi. Amma a mako biyun da ta yi a hannuna, sau huɗu kacal na fita da ita. Sauran kwanakin tana ƙarƙashin tamfol, ni kuma ina cikin Hilux ina zuwa gona. Nan ne na yi wa kaina tambayar da ta kashe maganar: mota nake so in tuƙa, ko mota nake so in riƙa buɗe wa baƙi su gani? A daidai lokacin kamfanin ya fito da wata Huracán mai suna Sterrato wadda aka ƙara wa tsayi milimita 44 don hanyar tsakuwa, guda 1,499 kacal aka ce za a ƙera. Na yi ta waya, ban samu ba.

Haka na dawo kan Urus, jif ɗin Lamborghini mai tsayi daga ƙasa, wadda da farko ban ma sa ta cikin lissafi ba. Na sayi ƙirar 2021 da aka ɗan yi amfani da ita, ta iso tashar jiragen ruwa ta Legas a farkon 2023, aka biya kuɗin fito aka ɗoro ta a mota har gida. Ikon Allah ne na riga watan Yuni na wannan shekara, lokacin da aka saki naira ta nemi farashinta da kanta. Da na ƙara wata shida ina shawara, da wataƙila ban saye ta ba.

Masu son mota na gaske suna yi mata gori cewa ba Lamborghini ba ce, Audi ce da aka liƙa wa hoton bijimi. Akwai gaskiya a ciki. Ginshiƙinta ɗaya ne da na Audi Q8 da Porsche Cayenne da Bentley Bentayga, domin duk gida ɗaya suke a ƙarƙashin Volkswagen, kuma injin nata mai silinda 8, lita 4 da turbo biyu, daga wannan dangin ya fito. To abin da suke gani aibi, ni a Kebbi shi ne rufin asirina. Makaniken da ke duba mini ita daga Abuja yake zuwa, ya ƙware a kan Audi, kuma idan ya buɗe bonet ba baƙon wuri yake gani ba. Ban da haka, labarin mai kamfanin ya kwanta mini. Ferruccio Lamborghini da taraktocin noma ya fara a 1948, sai a 1963 ya shiga ƙera motoci. Sunan Urus ma na wani sa ne na daji da ya ƙare a duniya, kakan shanun da muke kiwo. Manomi ya sayi motar mai tarakta, ban ga inda aka kauce ba.

A kan hanya fa? Nauyinta ya haura tan biyu, amma doki 650 ne a ciki, kuma daƙiƙa 3.6 take ɗauka zuwa kilomita 100. Inda nake cin moriyar wannan ƙarfi ba a gudu ba ne, a wuce tirela ne. Duk mai bin hanyar Kalgo zuwa Jega ya san yadda ake maƙalewa a bayan manyan motoci biyu ko uku a jere, kana leƙawa kana komawa. Da Urus, da zarar ka ga sarari ka taka, kafin ka ƙifta ido ka koma hannunka. Lokacin da kake ɗauka a hannun masu zuwa ya ragu ƙwarai, kuma wannan kariya ce ta gaske. An ce tana kai kilomita 305 a awa. Ban taɓa nema ba kuma ba zan nema ba. Iyakar da hukumar kiyaye haɗurra ta sa wa ƙananan motoci a babban titi 100 ce, kuma a hanyar da garken shanu ko yaro da kura zai iya ɓullowa daga bayan kuka, wanda ya nemi 200 ma ran wani yake caca da shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne jakunkunan iska da take zaune a kai. Tana sauka har milimita 158 daga ƙasa, tana tashi har 248. Kwalbatin nan da ya goge haɓar Huracán, ko lura da shi ba ta yi. Kusa da giya akwai wani maɗauki da kake zaɓar yanayin tuƙi da shi, sunayen da Italiyanci: Strada na titi, Corsa na tsere, Terra na turɓaya, Sabbia na yashi. Na ƙarshen nan biyu ba kowace Urus ke zuwa da su ba, sai wadda mai ita na farko ya biya kuɗinsu, don haka mai saye ya duba da idonsa kafin ya biya. Da rani nakan sa ta a Sabbia in gangara hanyar yashi har bakin gona, inda masu injin ban ruwa suke. But ɗinta lita 616 ne. Na sha zuba buhun shinkafa uku na samfur da kwandon kifi daga Argungu in kawo gida.

Wahalarta kuma ba zan ɓoye ba, kuma mafi yawanta daga wurinmu take. Ta zo da wili mai inci 23, kyakkyawa a ido, amma naman tayar siriri ne kamar yatsa biyu. Wata na huɗu, tsakanin Koko da Jega, na faɗa wani rami da ruwan sama ya rufe, tayar gaba ta tsage daga gefe, wilin ya lanƙwashe. Mai faci ya duba ya girgiza kai, ya ce wannan ba aikinsa ba ne. Mako biyar motar tana zaune kafin sabuwa ta iso. Daga nan na sauke su duka na sa masu inci 21, kuma da na san haka tun farko da su zan nema. Ta rage ƙawa kaɗan, ta ƙara laushi sosai.

Sai mai. Irin wannan inji fetur mai lamba 98 ya fi so, namu kuwa bai kai nan ba, don haka kullum akwai kwalaben maganin ƙara ƙarfin mai a but, kuma ba na matsa mata da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Sau ɗaya na kuskura na sha mai a wani gidan mai na bakin hanya, ashe da ruwa a ciki. Ba mu yi kilomita goma ba ta fara shaƙewa, fitilar inji ta kama, sai da aka zuƙe tankin gaba ɗaya. Yanzu gidan mai ɗaya nake zuwa, na 'yan bumburutu kuwa ko a mafarki. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, cika tankinta ya zama abin da nake ji a aljihu, ni da nake ganin ina da hali. Da hunturu kuma ƙura takan toshe matatar iska da wuri, birkinta na yumɓu yakan yi ƙara idan ƙura ta hau shi. Gilashin baya ƙarami ne, sai ka dogara da kamara. Kukanta ma, ko a Corsa, gurnani ne mai kauri, bai kama ƙafar na Huracán ba, kuma wannan rashi ina jin sa duk safiyar da na tayar da ita.

Akwai kuma nauyin da ba a rubuta a littafin mota. Duk inda na tsaya 'yan kabu-kabu sai sun zagaye ta da wayoyi. Ba na fita da ita da dare, ba na bin hanyar da ake fargabar tsaro da ita, nan aikin Hilux ne. Ranar da na kai ta gidanmu, Inna ta fito ta zagaya ta sau ɗaya, ta dafa bonet ta yi addu'a, sannan ta ce, "Allah shi tsare. Amma ka tabbata waɗanda ka yi maka aiki ba su kwana da yunwa ba." Wannan magana tana tare da ni duk lokacin da na wuce masu dashe a fadama, kuma ta canza yadda nake biyan lada a ƙarshen mako.

Zuwa yanzu na yi tafiyar fiye da kilomita 20,000 da ita, galibi Birnin Kebbi zuwa Argungu da Sakkwato, yara uku a baya. Aminina na Abuja, a daidai wannan tsawon lokaci, bai cika 3,000 da Huracán ɗinsa ba. Makon jiya ya kira ni yana tambaya ko ina so a sake turo mini ita bayan damina. Na ce masa ina so ƙwarai. Na riga na yi magana da magini zai zo ranar Asabar ya fasa kwalbatin ya sake zuba shi a kwance.