Fedal ɗin eko na haɗa-da-kanka: sautinsa ya biya ni, adaftarsa ta ƙona min kaya

Duk wanda yake shirin sayen kayan haɗin fedal ɗin ekon nan (ɗan akwatin da mai jita ke takawa don sauti ya riƙa maimaituwa) mai aisin PT2399 (aisi shi ne ɗan cif ɗin lantarki da ke yin aikin), irin wanda ake aiko wa mutum a warwatse ya zauna ya liƙa da kansa, to kada ya yarda a haɗa masa da adaftar da suke tallatawa a ƙarƙashinsa. Ya ɗauki kayan haɗin kawai, ya bar musu adaftarsu. Ni duka biyun na saya, kuma har yau in na tuna abin da adaftar nan ta yi min sai raina ya ɓaci.

Ba da kiɗa nake ci ba. Ina da aikina da rana, sai dare ya yi, gida ya yi tsit, nake ɗan taɓa jita da wata 'yar sintesaiza da nake ji da ita, Korg Volca Bass, wadda ta fito a 2013. Muryarta na da kauri, amma babu eko a cikinta, sautin a bushe yake fitowa, yana tsayawa cak da zarar ka ɗaga yatsa. Abin da ya sa na shiga neman fedal ke nan. Na kanti masu suna kun san yadda kuɗinsu ya koma, ba sai na faɗa ba. Kuma hannuna ya saba da liƙa kayan lantarki da dalma, don a baya na haɗa fedal mai transista biyu a kan tsarin wani fedal mai suna Fuzz Face na 1966, yana nan yana aiki har yanzu.

Kayan sun iso lafiya. Fanel ɗin, wato allon da ake liƙa kayan a kai, mai kyau ne, an rubuta sunan kowane abu a gurbinsa. Akwatin alminiyam ne, an riga an huda shi, ga bolum uku (na tsawon eko, na yawan maimaici, da na ƙarfinsa), ga makunnin takawa mai ƙafa tara. Soket ɗin aisi ne ba su sako ba, sai na sa nawa da nake da su. Na kwashe wasu darare ina liƙi a hankali, na gama, na ɗaura masa batir mai bolt 9, na jona jita. Ya tashi a karon farko. Na ji ekon yana dawowa tas, na buga, na sake bugawa, na kwanta da farin ciki. Ku riƙe wannan, domin nan gaba mai kayan zai ce wai ni ne ban iya haɗi ba.

Aisin nan yana shan wuta, ba kamar mai transista biyun da batir ɗaya ke yi masa watanni ba. Don haka washegari na buɗe kwalin adaftar. Na juya bayanta na duba alamar nan ta ɗigo da rabin da'ira da ake bugawa a jikin kowace adafta. Alamar ta nuna negatif a tsakiya, bolt 9, daidai yadda fedal yake so. Na soka ta a bango, na soka bakinta a fedal.

Fitilar fedal ɗin ba ta kama ba. Na taka makunni, shiru. Ina cikin duba ko wayar jitar ce ba ta shiga sosai ba sai na ji wari, irin warin nan na roba da ƙarfe in sun ƙone tare. Kafin in miƙa hannu in zare, wani siririn hayaƙi ya fara fitowa ta ramin da waya take shiga. Na fizge adaftar, ita ma ta yi zafi rau. Da na kwance murfin ƙasa, dayod ɗin da ke bakin shigar wuta ya tsage gida biyu, fanel ɗin da ke ƙarƙashinsa ya yi baƙi ƙirin har layin tagullar ya ɗago, kafasita mai 100uF kuma kanta ya kumbura. Aikin darare, cikin ƙasa da minti ɗaya.

Na ɗauko mita na auna bakin adaftar. Jan tsinke a tsakiya, baƙi a gefe. Da alamar jikinta gaskiya ce, da mita ta nuna lamba da ɗan layin ragi a gabanta. Ba ta nuna ba. Fozitif ne a tsakiya, ƙiri-ƙiri, saɓanin abin da aka buga a jikinta.

Ga wanda bai shiga harkar ba, abin haka yake. Yawancin adaftocin da ke gidajenmu, na dikoda da na akwatin intanet da sauransu, fozitif ɗinsu a tsakiya yake. Ita ma Volca haka tata take. Amma fedal ɗin jita akasin haka ne: negatif a tsakiya, fozitif a gefe, baki mai milimita 2.1. Tsarin da kamfanin Boss na Japan ya yaɗa ke nan da ƙananan fedalolinsa da ya fara fitarwa a 1977, har kusan kowa ya bi. Shi ya sa ramin wutar fedal yake zama na roba, don kada fozitif ɗin gefen ya taɓa akwatin ƙarfe. Duk wanda yake sayar da kayan fedal ya san wannan kamar yunwar cikinsa. To ta yaya za ka ɗauko adaftar da aka juya wa waya, ka jera ta a ƙarƙashin fedal, ka rubuta cewa ita ce ta dace da shi, ba tare da ka taɓa ɗora mata mita ba?

Na tura wa mai kayan hotuna: na alamar, na fuskar mita, na ƙonannen fanel. Da farko ya yi shiru. Da na matsa, sai ya amsa da cewa wai su kayan haɗi ba su da garanti, tunda ba su san yadda mutum ya liƙa su ba. Na ce masa ni ba a kan haɗi nake magana ba, fedal ya yi aiki da batir kafin adaftarsa ta taɓa shi, ga ma ɗan faifan da na naɗa a daren. Sai ya koma cewa wataƙila wutar wajenmu ce ta yi yawa. Wutar gari ko ta janareta tana iya hawa ta sauka, wannan kowa ya sani, amma ba ta juya fozitif ya koma negatif a cikin adafta. Daga ƙarshe ya ce zai rage min wani abu in na sake sayen kaya a wajensa. Ko kuɗin adaftar bai mayar ba, ballantana ban haƙuri. Wannan rashin ban haƙurin ne ya fi ƙona min rai fiye da kuɗin.

Na ajiye fedal ɗin na ɗan lokaci ban ma son ganinsa. Daga baya na saka shi a jaka na shiga Sabon Gari wajen wani dattijo mai gyaran rediyo da amfilifaya da nake sayen ƙananan kaya a hannunsa. Ya sa tabarau, ya juya fanel ɗin a ƙarƙashin fitila, ya shinshina.

Ya ce, "Ɗan nan, wa ya ba ka wutar baya?"

Na ce, "Baba, wanda ya sayar min ne."

Ya girgiza kai, ya nuna min da bakin sukuddireba yadda aka ɗora dayod ɗin, 1N4001, a gicciye tsakanin fozitif da negatif. In wuta ta shigo a juye, shi ne zai kwashe ta gaba ɗaya a kansa, ya yi ta zafi har ya mutu. In ya mutu a haɗe, sauran kaya sun tsira. In ya tsage kamar nawa, wutar ta samu hanya. Ya ce in cire shi in sa wani dayod, 1N5817, a jere da layin wuta, wanda in an juya masa waya sai kawai ya ƙi ba da hanya, fedal ya yi shiru, babu hayaƙi babu asara. Abin da zai ci daga wutar bai kai rabin bolt ba. Muka canza kafasitar, da aisin TL072 da ya mutu, da ɗan regileta 78L05 mai sauke wuta zuwa bolt 5, muka ɗinke layin da ya ƙone da guntuwar waya. Soket ɗin nan da na ƙara sun yi rana, don cire mataccen aisin bai ɗauki ko minti ba. PT2399 ɗin kansa, cikin ikon Allah, ya tsira. Na sayi wata adafta, muka auna ta a gabansa kafin in biya.

To daga nan ne labari ya canza, kuma dole in yi adalci. Sautin fedal ɗin nan ya wuce kuɗinsa nesa ba kusa ba.

Aisin PT2399 na wani kamfanin Taiwan ne, Princeton Technology, kuma asalinsa don na'urorin rera waƙa na gida aka yi shi, ba don mawaƙan jita ba. A takardarsa, ekon da yake bayarwa yana kamawa daga kusan milisakan 30 zuwa 340. Ma'ajiyarsa ƙarama ce, don haka in kana son eko mai tsawo sai ya rage saurin agogonsa, kuma da ya rage sai sautin ya fara dusashewa yana ɗaukar ƙura. Masu haɗa fedal suna ja masa har wajen 600, nawa ma haka aka tsara shi. A rubuce wannan aibi ne. A kunne kuwa, nan daɗin yake. Kowane maimaici yana dawowa da ɗan duhu fiye da na gabansa, kaifin yana zubewa, har ya narke ya koma bayan kiɗan ya bar maka fili. Fedal ɗin Boss DM-2 na 1981, wanda ake ta yabon duhun ekonsa har yau, a milisakan 300 yake tsayawa. Ban ce sautinsu ɗaya ba, amma wanda yake son irin wannan laushin zai gane abin da nake nufi.

Da Volca ne ya fi burge ni. Na sa ta tana zagaya layi ɗaya mai taku 16 a kan bugu 120 a minti, wato rabin sakan tsakanin bugu da bugu. Na murɗa bolum ɗin tsawo zuwa wajen milisakan 375, inda ekon yake faɗowa a tsakanin bugun maimakon a kansa. Nan take layin da na gaji da ji ya zama kamar makaɗa biyu suna amsa wa juna, ɗaya na jefawa ɗaya na cafewa. In ka murɗa tsawon yayin da ekon ke tafiya, muryar tana lanƙwashewa sama ko ƙasa. In ka ƙure bolum ɗin maimaici, sai fedal ɗin ya kama kukan kansa, yana hawa yana hawa ko ka daina bugawa, kuma da hannu ɗaya a kan bolum kana iya sarrafa kukan nan ya zama kiɗa. Daren da na gano wannan ban san lokacin da ya tafi ba. Abu ɗaya da za a kula: abin da ke fitowa daga sintesaiza ya fi na jita ƙarfi, don haka a rage muryarta zuwa wajen rabi, in ba haka ba ekon zai riƙa tsagewa. A jita kuwa, ɗan gajeren eko ya wadatar, musamman ga mai son salon 'yan Agadas.

Da a nan zan tsaya, da na ce kowa ya je ya saya. Amma ina cikin jin daɗin sai wata matsalar ta ɓullo, wadda ta dawo min da haushin farko sabo. Wani lokaci in na kunna fedal ɗin, fitila za ta kama, sautin jita zai wuce, amma eko babu. Gabana ya faɗi, na ɗauka aisin ne ya ji rauni tun ranar hayaƙi, sai yanzu ya nuna. Ashe sanannen hali ne na PT2399: in aka ba shi wuta alhali rasistar da ke kan ƙafarsa ta 6 ta gaza kimanin 2k (wato om 2,000), yana iya sandarewa ya ƙi tashi. Masu kayan nan 1k suka sako, don haka duk ranar da na bar bolum ɗin tsawo a ƙasa na kashe, gobe sai ya yi gardama. Na canza ta da 2.7k, magana ta ƙare. Rasista guda ɗaya fa, abin da ko kuɗin ruwan leda bai kai ba. Ga dayod da aka ɗora ta hanyar da ba ta kare min fedal ba, ga rasistar da aka san tana jawo matsala, ga adaftar da ba a auna ba. Ba za a ce duka tsautsayi ne ba. Mutanen nan ba su taɓa zama sun haɗa abin da suke sayarwa sun kunna ba, abin da na yarda da shi ke nan.

Kuma ina tunanin yaron da wannan ne haɗinsa na farko, ya tara kuɗinsa, ba shi da mita, ba shi da dattijon da zai kai wa. Hayaƙi zai gani, a ce masa laifinsa ne, ya yarda, ya watsar da harkar gaba ɗaya. Wannan ya fi damuna.

Da na fara rubutun nan niyyata in ba shi huɗu cikin biyar saboda sautin. Yanzu da na jero abubuwan, biyu zan ba shi, kuma biyun nan na aisin ne da fanel ɗin. Wani abokina da ya ji shi a ɗakina ya ce in haɗa masa irinsa. Na ce masa to, amma fanel da PT2399 kawai za mu yi oda, daga wani wajen daban. Rasista, kafasita, dayod da adafta a Sabon Gari za mu saya, mu auna kowanne kafin mu baro shagon.