Tafki ya ciko: kamun rana cikin duhuwa ko na dare da fitila?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce bara ka koma yammacin jihar Tenesi, ruwan saman da aka yi ta yi ya cika tafkin Kentaki har ya shiga cikin itatuwa, kuma abokan aikinka sun rabu gida biyu a kan kamun kifi: wasu sun ce ka bi duhuwar da ruwa ya shanye da rana, wasu sun ce ka jira dare ka kunna fitila. Ba ka da kwale-kwale, kuma kana so ka tafi da ɗanka. Amsata ita ce a wannan tsakiyar Afrilu, da ruwa a cike haka, rana ta fi maka. Dare yana da nasa lokacin, amma bai zo ba tukuna. Bari in faɗa maka dalili.

Kifayen da ake magana a kansu su ne waɗanda Amurkawa ke yi wa laƙabi da kifayen kasko, don ɗaya yana shiga kaskon suya gaba ɗaya. Manyansu biyu ne a yankinku: kirafi, mai faɗi da ɗige-ɗige da manyan idanu, sai bulugil, wanda idan ka gan shi za ka ce ƙanin karfasa ne. Halinsu ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne maganar rana da dare take rabuwa.

Tafkin nan ba na Allah da Annabi ba ne, dam ne TVA, hukumar gwamnati mai kula da kogin Tenesi, ta datse kogin da shi, aka gama a 1944. Da hunturu suna riƙe ruwan a ƙafa 354 sama da teku, daga farkon Afrilu su fara ɗaga shi zuwa 359. Idan ruwan sama ya ƙara a kan wannan, sai ruwa ya hau kan itatuwan wilo da ƙananan duhuwoyin bakin gaɓa. Wannan cikowa tana faɗawa daidai lokacin da kirafi ke neman wurin saka ƙwai, wato idan ɗumin ruwa ya kai wajen digiri 60 a ma'aunin da suke amfani da shi a nan, kusan 15 zuwa 16 a namu. Mazan su ke fara shiga. Jikinsu ya yi duhu, su share ɗan wuri a gindin itace cikin ruwan da bai wuce ƙafa biyu ko uku ba, su tsare shi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda kifi ke bin ruwa ya shiga fadamar Haɗeja da damina ya san wannan labari. Ruwa ya hau, kifi ya bi shi.

To ka ga abin da wannan ke nufi ga mutumin da ba shi da jirgi. Kifin da a watan Fabrairu sai mai kwale-kwale da na'ura zai same shi a zurfi, yanzu ya zo har gaban takalminka. Wannan ita ce damar da mai tsayuwa a gaɓa ke samu sau ɗaya a shekara, kuma ba ta wuce 'yan makonni. Ka samu doguwar sandar fatsa mai ƙafa 10 zuwa 12, siririn zare mai ƙarfin fam 6, da 'yar ƙugiyar nan mai kan darma da jelar roba da suke ce wa jig, mai nauyin 1/16 na oza. Ba jefawa ake yi ba. Miƙa sandar za ka yi, ka sauke ƙugiyar a hankali cikin tsakanin rassa, ka riƙe ta tsit, ka ƙirga zuwa goma, in ba a taɓa ba ka ɗaga ka sauke a rami na gaba. Namijin da ke gadin ƙwai ba yunwa ce ke sa shi cizo ba, fushi ne. Idan ya ɗauka za ka ji tak ɗaya a hannunka. Kada ka fizga da ƙarfi, leɓensa siriri ne kamar takarda, yana yagewa. A tafkunan jihar Misisipi irin su Grenada da Enid mutane har shiga ruwan suke yi da dogon wandon roba su bi duhuwa da ƙafa. A Enid ɗin ne ma aka kama farin kirafi mai fam 5 da oza 3 a 1957, wanda har yau ake lissafa shi a matsayin mafi girma a cikin fararen kirafi.

Wahalar kamun rana ita ce ruwa mai yawa yana watsa kifi. Inda da can duhuwa goma ce ke cikin ruwa, yanzu dubu ce, kifin kuma bai ƙaru ba. Kada ka zauna wuri ɗaya. Ka nemi lungun da iska ba ta bugawa, inda rana ke daɗewa a kai, domin ya fi sauran ɗumi da digiri biyu ko uku, kuma wannan ɗan bambanci ya isa. Daga azahar zuwa magariba ya fi sassafe a wannan wata, saboda ruwan ya sha rana. Za ka yi asarar ƙugiyoyi a rassa, don haka ka saya da yawa. Ka kuma duba inda kake sa ƙafa da hannu, ruwa yana koro macizai zuwa kan rassa, kuma a cikinsu akwai mai dafi, mai farin cikin baki.

Yanzu dare. Ni ina son kamun dare ƙwarai, kuma ban ga laifin abokan aikinka ba. Yadda yake aiki shi ne: ana zura fitila mai koren haske cikin ruwa, tana cin batir mai bolt 12. Hasken yana tara ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani sosai, ƙananan kifaye su zo cinsu, sai kirafi ya zo ya tsaya a ƙasa ko a gefen haske inda duhu ya fara, yana ɗaukarsu ɗai-ɗai. Manyan idanun nan nasa don haka aka yi su. Kai kuma ka sauke ƙaramin kifi mai rai, irin da ake sayarwa a shagon koto, daidai iyakar hasken. Yana ɗaukar rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin wurin ya haɗu. Idan ya haɗu kuwa, za ka zauna wuri ɗaya kifi yana zuwa maka, akasin rana da kai ke binsa.

Amma duk wannan tsari yana bukatar abu biyu, kuma cikowar ruwa tana ɓata su duka. Na farko ruwa mai haske. Idan ruwa ya yi jawur da laka kamar kunun kanwa, fitilarka ba za ta haska fiye da kamu biyu ba, babu abin da za ta tara. Na biyu ruwa mai kwanciya. Idan tafki ya cika, ana buɗe ƙofofin dam, ruwa ya riƙa gudu a ƙarƙashin gadoji da bakin babban kwari, wato wuraren da aka fi kamun dare, ya kwashe abin da fitila ta tara. Ga kuma wani dalili: yawancin manyan kifin ma ba sa can zurfin, suna cikin duhuwa kan ƙwai.

Sai maganar da ta fi damuna, tunda ka ambaci yaro. Ruwan ciko yana ɗauko gungume da rassa. Shekaru uku da suka wuce ina cikin kwale-kwalen wani abokina bayan isha'i, muna tafiya a hankali ma, muka hau wani gungume da ba mu gani ba sai da muka ji shi. Allah ya kiyaye ba mu kife ba, amma ruwan daren nan da sanyinsa, da mun faɗa ciki ban san yadda za ta ƙare ba. A gaɓa ma haɗarin yana nan: hanyar da ka sani ta nutse, bakin gaɓa ya yi laushi yana zaftarewa. Don Allah kada ka kai yaro bakin ruwan ciko cikin duhu. Da rana ma ka sa masa rigar ceto.

Bulugil kuwa ba shi da alaƙa da dare sosai, da ido yake farauta, rana na faɗuwa cizonsa ke raguwa. Nasa lokacin yana zuwa a Mayu, idan ɗumin ruwa ya kai digiri 70 zuwa sama a ma'auninsu, su haƙa ramuka kusa da kusa a ƙasa mai tsakuwa. Tana ko gyare a ƙaramar ƙugiya ya ishe shi, kuma babu kifin da ya fi shi faranta ran yaro.

Abin da zai iya canza shawarata shi ne inda ruwan ya dosa. Ka duba matakin tafkin a manhajar TVA kafin ka fita. Muddin yana hawa ko ya tsaya, duhuwa ce wurinka. Ranar da suka fara janye shi da sauri, kifi yana ji, ya bar gindin itace ya koma bakin zurfi na farko, har wani lokaci ƙwan ya bushe a tudu. Daga nan ka ba shi lokaci. Zuwa ƙarshen Mayu laka ta kwanta, an gama saka ƙwai, rana ta yi zafi, jiragen masu shaƙatawa sun cika tafki, to a nan dare ke karɓar girma. Ka nemi dandamalin kamun kifi na jama'a mai shinge da fitila, ka zaɓi daren da babu farin wata, domin hasken wata yana rage wa fitila ƙarfi.

Ka yanki lasisi kafin ka jiƙa zare, kuma ka lura tafkin ya ratsa jihohi biyu, Tenesi da Kentaki, ka karanta dokar ɓangaren da za ka tsaya. Kirafin da bai kai inci 10 ba ana mayar da shi ruwa, adadin da aka yarda ka ɗauka a rana kuma ka duba na bana. Ni idan na kama baƙaƙen mazan nan, nakan ɗauki na miyar gida in saki sauran, domin ƙwan da aka ɗauke mai gadinsa bulugil ne ke cinye shi. Idan Asabar ta yi maka, ka yi mini magana, ina da sanda biyu da ba na amfani da su. Ka gaida iyali.