Makirufon Shure SM58 a Hannun Mawaƙin Dandamali

Tun a shekarar 1966 kamfanin Shure na Amurka ya fito da makirufon SM58, kuma har yau yana cikin waɗanda aka fi gani a dandamalin waƙa a duniya. A ganina, duk wanda ya riƙi waƙa da nishaɗantar da jama'a a matsayin sana'a, shi ne makirufon da ya kamata ya fara mallaka, ko da yake ba kowane aiki ne ya dace da shi ba.

An ƙera shi ne domin ya ɗauki sautin da ke gabansa, ya yi watsi da mafi yawan abin da ke bayansa, saboda haka lasifikar da ake ajiyewa a ƙasa tana fuskantar mawaƙi ba ta cika jawo ƙarar nan mai huda kunne ba. Idan mawaƙi ya kusanto da bakinsa murya takan yi kauri, idan ya ja baya kuma ta sirance, kuma wanda ya ƙware yakan yi wasa da wannan tazara a cikin baiti guda. Abin takaici shi ne yadda wasu ke damƙe kan makirufon da tafin hannu don burgewa, alhali hakan ne ke dusashe murya, ya kuma gayyato ƙarar da ake gudu.

Wajen ƙarko kuwa ba a magana. Idan ya faɗi, yawanci ragar ƙarfen da ke kansa ce kawai take lotsawa, kuma ana iya kwance ta a sauya, ko a wanke soson da ke cikinta. Nauyinsa giram 298 ne, kuma ba ya buƙatar batir.

Rauninsa yana bayyana ne a situdiyo, domin iyakar sautin da yake kamawa daga Hz 50 ne zuwa 15,000 (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne), don haka wasu siraran sassan murya sukan ɓace. A talabijin ma, mai gabatar da shirin da ke haɗa waƙa da rawa zai fi sakewa da ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a kai, ko aƙalla samfurin SM58 marar waya. Sannan jabunsa sun yi yawa, kuma da ido kaɗai da wuya a bambance su, saboda haka ya kamata mai saye ya nemi dillalin da kamfanin ya amince da shi.